Tambaya da Amsa: Khal ɗin gida, kit ko ɗanyen tufa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina so in fara haɗa khal ɗin tufa da kaina, sai naga ana sayar da wani kit a intanet, a ciki akwai ruwan tufa da aka kafe ya yi kauri, da yis, da wani abu wai shi uwar khal. In sayi wannan ne ko kawai in yanka ɗanyen tufa in jiƙa? Ƙawata ta jiƙa ɓawon tufa sai ya yi mata fumfuna.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ni dai a ganina ki yi da ɗanyen tufa, amma fa ki nemi uwar, wato wani abu mai santsi kamar tantani da ke ɗauke da ƙwayoyin da ke kawo tsamin khal, don duk cikin kit ɗin nan ita ce abu mai daraja.

Kinga khal hawa biyu yake yi. Da farko yis ne zai cinye sukarin da ke cikin ruwan ya maida shi barasa, za ki ga yana kumfa yana tsiii kamar sati ɗaya zuwa biyu, daga nan sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira asitobakta su karɓi aikin su juya barasar nan ta koma tsami, su kuma sai da iska suke aiki. Louis Pasteur na Faransa ne ya tabbatar da haka tun a shekarun 1860. Shi yasa ba'a rufe kwalbar da murfi, ƙyalle mai tsabta ake ɗaurawa a baki da roba, iska ta shiga ƙananan ƙudajen nan masu bin kayan marmari kuma su tsaya a waje.

Amfanin kit shine an riga an auna komai, sukarin daidai yake, ba ki da fargaba. Sai dai ruwan da aka kafe da zafi ƙamshinsa baya kai na sabon tufa, idan kin buɗe kwalbar za ki ji bambancin. Ɗanyen tufa kuma halinsa daban-daban, wani zaƙi wani salam, toh anan ake samun matsala. Ruwan tufa zalla yana da sukari wajen kashi 10 cikin 100, shine ke bada khal mai ƙarfi kusa da na kanti mai tsami kashi 5 cikin 100. Ɓawo da ruwa kawai ba su da wannan sukarin, tsamin baya tashi da wuri, ɓawon kuma ya taso sama yana shan iska, shikenan fumfuna ta samu wurin zama. Ina kyautata zaton abinda ya faru da ƙawarki kenan.

Don haka ki markaɗa tufan ki tace ruwan, ki sa yis kaɗan, idan kumfar ta kwanta ki zuba uwar ko khal ɗin da ba'a dafa ba, mai gurɓi-gurɓi a ƙasan kwalba. Ki ajiye inda rana bata bugu, ɗumin digiri 25 zuwa 30 ƙwayoyin suka fi so, ki bashi sati huɗu zuwa shida ko fiye, kina ɗanɗanawa. Kwalbar gilas za ki yi amfani da ita, banda ƙarfe ko alminiyam don tsamin yana cinsu. In kuma ruwan kwali za ki saya ki duba jikinsa, idan akwai maganin hana lalacewa irin su fotasiyam sobet yis ɗin ba zai yi aiki yadda ya kamata ba.

Wani farin abu mai santsi kamar tantani zai kwanta a sama, kar ki tsorata ki zubar, sabuwar uwa ce, ki ajiye ta ki yi na gaba da ita. Amma in kinga abu mai gashi-gashi kore ko baƙi, ki zubar da duka ki wanke kwalbar da ruwan zafi, kar ki ce za ki kwashe saman kawai. Kuma dan Allah kar ki yi amfani da khal ɗin gida wajen adana abincin da zai daɗe, tunda ba ki auna ƙarfin tsaminsa ba, wannan aikin na kanti ne mai kashi 5 a rubuce.