Na kunna SELinux a garken kwamfutocinmu, me ya sa bai hana ɓarna ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da garken kwamfutocin wata cibiyar bincike a nan Abuja. Na'ura goma sha biyu ne, duk a kan Rocky Linux 9, manhajar Slurm ke raba musu aiki, fayilolin mutane kuma suna kan saba ɗaya, wato babbar na'urar ajiya, sauran na isa gare su ta NFS, tsarin raba fayiloli tsakanin na'urori. Wanda ya haɗa mana tun farko kashe SELinux, tsarin ƙarin tsaro na Linux, ya yi. Bana masu binciken tsaro suka ce a kunna, na kunna, babu abin da ya tsaya, har na yi murna. Sai ga shi makon jiya aikin wani ɗalibi ya goge wa wata ɗaliba sakamakon lissafin kwana tara. To ina amfanin kunnawar, kuma me zan gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka miƙa wa baiwar Allah jajena. Kwana tara na lissafi, ga dizal ɗin da janareta ya sha, ba ƙaramar asara ba ce.

Abin da ya sa ka murna shi ne ya kamata ya ɗaga maka hankali. Garken da ya daɗe SELinux na kashe, aka kunna kuma ko tari bai yi ba, alama ce cewa dokar ba ta hau kan ayyukan ba sam. Ka jira wani aiki ya tashi, ka shiga na'urar da yake gudana, ka buga `ps -eZ`, ka dubi layin `slurmstepd` da na 'ya'yansa. Ina kyautata zaton `unconfined_service_t` za ka gani. Wannan lakabi ne da ake liƙa wa duk hidimar da systemd, mai tayar da hidimomin Linux, ya tayar alhali ba a rubuta mata doka tata ba, ma'anarsa kuwa a bar ta ta yi yadda take so. `slurmd`, shirin Slurm da ke karɓar aiki a kowace na'ura, ya tashi da shi, ya haifi `slurmstepd`, shi kuma ya haifi aikin ɗalibin, kowa ya gaji lakabin ubansa. Maigadi na bakin ƙofa da sandarsa, amma an ce masa waɗannan 'yan gida ne.

Linux na da tsaro hawa biyu. Na farko shi ne wanda kowa ya sani, na `chmod` da `chown`: mai fayil ke da ikon cewa wa zai karanta, wa zai rubuta. Na biyu, inda SELinux yake, tsaron dole ne, wanda mai fayil ba shi da ta cewa a ciki. Ka tuna gidajen da ake rubuta "ba shiga" a jikin zaure. Ko yaron gida ya ce da baƙo "shigo mana", baƙon ba zai wuce zaure ba, domin dokar ba ta yaron ba ce. Hukumar tsaron Amurka ta NSA ce ta fitar da SELinux a shekarar 2000, ya shiga zuciyar Linux a 2003. Aikinsa liƙa lakabi ga kowane shiri da kowane fayil, sannan ya hana duk wata mu'amala tsakanin lakabi biyu sai wadda aka halatta a rubuce. Sai hawa na farko ya yarda tukuna ake tambayar na biyu.

Wannan ya kai mu ga abin da ba za ka so ji ba. Ɗalibin nan ya iya goge fayilolin ne saboda hawa na farko a buɗe yake. Ka duba foldar, zan yi mamaki idan ba 777 ba ce, wato a buɗe ga kowa, ko kuma rukuni ɗaya aka zuba kowa a ciki da ikon rubutu. Na sha ganin haka: ana son a raba bayanai cikin gaggawa, wani ya buɗe folda ga kowa "na ɗan lokaci", shekara uku tana nan. Fara da nan. Foldar gidan kowa ta koma 700, wato mai ita kaɗai ke shiga, kowace ƙungiyar bincike ta samu rukuninta, foldar da dole kowa ya rubuta a ciki kuma a sa mata `chmod +t` domin kada wani ya goge abin wani. Aikin yini ɗaya ne, kuma da an yi shi da kwana taran nan na nan.

Bayan haka sai a yi wa ayyukan nasu shingen. Masu amfani da Grid Engine, wata manhajar raba aiki irin Slurm, sun huta, dokar da ke zuwa da dangin Red Hat, wanda Rocky ke cikinsa, na da lakabin `sge_job_t` a shirye, har da makunnai irin su `sge_use_nfs`. Kai mai Slurm da hannunka za ka rubuta. Ka saka kunshin `selinux-policy-devel`, ka ƙirƙiri lakabi biyu, ɗaya na `slurmd`, ɗaya na ayyukan mutane. Raba su wajibi ne. `slurmd` na buƙatar iko mai yawa: yana sauya kansa ya zama kowane mai amfani, yana taɓa cgroup mai kayyade abin da kowane aiki zai ci na na'ura, yana magana da munge mai tantance masu amfani, yana sauraro a tashar 6818. Aikin ɗalibi ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. Idan ka haɗa su a lakabi guda, ka ba almajiri makullin rumbu.

Wurin da aikin zai sauya riga shi ne inda mutane ke tuntuɓe. Dabarar da ta fi saurin zuwa rai ita ce a yi wa foldar `/var/spool/slurmd` lakabi na musamman, tun da can Slurm ke ajiye kwafin rubutun da aka tura da `sbatch`, a ce duk abin da aka tayar daga can ya koma lakabin ayyuka. Tana aiki, amma tana da kafa: wanda ya tayar da aiki kai tsaye da umarnin `srun` ba ya bi ta wannan rubutun. Daga sigar 21.08 Slurm kansa na iya ɗora wa aiki lakabi ta zaɓin `--context`, da sharaɗin an gina shi da `--enable-selinux`. Ni wannan na fi so. Sai dai kada ka bar wa mai tura aiki ya zaɓi lakabinsa, domin wanda ya fi sake masa mara zai ɗauka. Ka tilasta shi daga `job_submit`, sashen Slurm da ke tace kowane aiki kafin a karɓa, inda hannunsa ba ya kaiwa.

Kada ka ɗaure sabon lakabin ranar farko. `semanage permissive -a` da sunansa zai sa a riƙa rubuta laifinsa ba tare da an hana shi ba, sauran na'urar kuma na nan a tsare. Wannan ya fi `setenforce 0`, mai sassauta dokar ga na'urar gaba ɗaya, nesa ba kusa ba. Ka bar shi mako biyu ko uku, ya ga irin ayyukanku na gaske: masu MPI da ke buɗe tashoshi barkatai tsakanin na'urori suna amfani da `/dev/shm`, masu Java ko Julia da ke rubuta umarni a ƙwaƙwalwa su gudanar da shi nan take, masu Apptainer, mai gudanar da aiki a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen akwatin manhaja. Sannan ka karanta abin da `ausearch -m avc` ya tara.

Na ce ka karanta, da idonka. Akwai al'adar tura duk abin da ya fito cikin `audit2allow -M`, mai mayar da ƙorafi ya zama dokar halatci, a loda, a tafi sallah. Wannan kayan aikin ba ya bambance buƙata da shisshigi. Idan a cikin makonnin nan aikin wani ya leƙa inda bai kamata ba, shi ma za a halatta masa har abada. Kuma da yawa daga ƙorafin ba doka ce ta gaza ba, lakabin fayil ne ba daidai ba, maganinsa `semanage fcontext` da `restorecon`. In kuwa aiki ya mutu bayan ka ɗaure amma rajista ba ta ce komai ba, `semodule -DB` zai tono ƙorafin da ake ɓoyewa, ka mayar da `semodule -B` idan ka gama.

Saura batun NFS. A tsohuwar sigarsa duk fayil ɗin da ke kan sabar lakabi ɗaya yake zuwa da shi, `nfs_t`, nawa da naka babu bambanci. Sai a siga 4.2, da zaɓin `security_label` a ɓangaren sabar, lakabi ke tsallako waya. Ko da hakan, lakabin ayyuka guda ɗaya na'urar yake karewa daga ɗalibai, ba ya raba ɗalibi da ɗalibi. Raba su da tsaron dole sai da MCS, wato ƙarin lamba daga c0 zuwa c1023 a wutsiyar lakabi, yadda ake raba kwantenoni. Slurm ma na da wani abu mai suna MCS, kada suna ya ruɗe ka, nasa hana ƙungiyoyi biyu zama a na'ura ɗaya yake yi. A ganina, in ba bayanan marasa lafiya ko makamancinsu kuke riƙe ba, na'ura goma sha biyu da ma'aikaci ɗaya ba su kai a ɗauki wannan ɗawainiyar ba.

Abu ɗaya ban gani a wasiƙarka ba: ko ka sake liƙa lakabi lokacin da ka kunna. Fayilolin da aka ƙirƙira SELinux na kashe ba su da shi. Ka fitar da na'ura ɗaya daga layi, ka buga `fixfiles -F onboot`, ka sake tayar da ita, ka ga yadda ta farka kafin ka taɓa sauran. Ranar da za ka yi wa sabar kuwa, ka tabbata tankin janareta a cike yake, domin faifai mai miliyoyin ƙananan fayiloli na iya cinye maka sa'o'i.