Ƙusa ta ƙi zama a bangon ɗakina, yaya zan yi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun tare a sabon gida a Tudun Wadan Zariya. Duk ƙusar da na buga sai filastar ta ɓantalo, har madubina ya faɗo. Yanzu talabijin nake so a rataya mini. Mene ne mafita? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Filasta ba ta ɗaukar kaya. Kaurinta bai cika wuce rabin inci ba, ga shi magina da yawa yashi suke cika mata su rage siminti. Abin da zai riƙe miki kaya shi ne bulon da ke bayanta, kuma da fisha ake kama shi, wato robar nan da wani Bajamushe, Artur Fischer, ya ƙirƙiro a 1958. Idan sukuru ya shiga cikinta sai ta buɗe ta cije gefen ramin.

Kafin a sayi komai, a fara huda ƙaramin rami a duba ƙurar da ta fito. In toka-toka ce, bulo ne. In ja ce mai laushi, to ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, irin wanda ya yi yawa a cikin birni. A irin wannan bango ba na yarda a rataya talabijin da fisha, ko wane kafinta ne ya ce zai iya. A saya mata tebur ya fi.

In bulo ne, girman bakin injin huji ya zama daidai da lambar fishar: mai milimita 6 don hoto da madubi, 8 don sandar labule, 10 don talabijin da kabad ɗin kicin, kuma a sa sukuru a duk ramukan ƙarfen ratayar. Tsawo ma a kula da shi. Fishar ta wuce filasta ta nutse cikin bulo, sukurun kuma ya ɗan fi ta tsawo bayan an cire kaurin abin da za a ɗaura. Bulonmu mai inci 6 da mai inci 9 duk suna da rami a ciki, don haka in mai huji ya ji injin ya zurma ba zato, ya faɗa ramin ke nan. A nan a nemi fisha doguwa mai ƙudundunewa a bayan bulon, ko a matsa gefe kaɗan inda bulon yake a cike. Mai hujin ya fara a hankali ba tare da kunna tsarin duka irin na guduma da ke jikin injin ba, don dukan ne ke fasa filasta. A busa ƙurar ramin kafin a tura fishar.

Kada ki bari a cusa ashana ko tsinken tsintsiya in ramin ya yi faɗi. Da damina itacen zai kumbura ya riƙe, hunturu na shigowa ya bushe ya saki. A sa fisha ta gaba da ita a girma kawai.

Sai maganar wuta. Bututun wayarin yakan bi ta sama ko ƙasan soket da makunni a miƙe, wani lokaci ta gefe, to a kauce wa waɗannan layukan. In dole wurin kusa da soket ne, a kira mai wayarin ɗin da ya yi gidan ya nuna inda ya bi, a kuma kashe wutar ɗakin kafin a huda.