Filin Masu Karatu: Underground na Farko ko na Biyu?

Saƙonnin wannan makon sun fi karkata kan wasannin tseren mota guda biyu na kamfanin EA: Need for Speed Underground da ya fito a Nuwamban 2003, da magajinsa Underground 2 na Nuwamban 2004. Reshen kamfanin mai suna Black Box da ke Kanada ne ya haɗa su duka. Ga waɗanda muka zaɓa.

Daga Kano: Assalamu alaikum. Na taso ina ganin yayyena suna buga Underground 2 a PS2, amma ban taɓa riƙe na farkon ba. Wani abokina ya dage cewa na farko ya fi. Mene ne ainihin bambancinsu?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Babban bambancin shi ne gari. A na farko akwai birnin Olympic City, amma ba ka da ikon yawo a cikinsa. Jerin tsere ne ake miƙo maka, sama da 100, ka zaɓi ɗaya, ka gama, ka dawo ka zaɓi na gaba. A na biyu an buɗe maka birnin Bayview, kai za ka tuƙa motarka zuwa wurin tsere, zuwa shagon fenti, zuwa wurin bakanike. Unguwanninsa suna buɗewa ne sannu a hankali cikin matakai 5 na wasan: tsakiyar birni, Beacon Hill, tsaunukan Jackson Heights masu kwana-kwana, da yankin masana'antu na Coal Harbor.

Motoci ma an ƙara. Na farko yana da 20, na biyu kusan 30. An cire Honda S2000 da Dodge Neon da Acura Integra, aka shigo da Lancer Evolution VIII, Mazda RX-8, Audi TT, Ford Mustang GT, tsohuwar Toyota Corolla mai jan baya, da manyan jif uku: Hummer H2, Cadillac Escalade da Lincoln Navigator. Mota ɗaya tak kake riƙewa a na farko, a na biyu kuwa garejinka yana kaiwa biyar.

Abokinka yana da hujja. A na farko ba a ɓata maka lokaci, daga wannan tsere sai wancan, kuma titunansa ƙuntatattu ne, kuskure kaɗan ka daki bango. A na biyu wani kaso mai yawa na lokacinka yana tafiya a tuƙi tsakanin tsere da tsere, hanyoyin kuma sun fi faɗi, don haka zafin gasar ya ɗan ragu. Duk da haka mu a wurinmu na biyu ya fi cika wasa, saboda abu ɗaya da na farko ba shi da shi: ikon saita motarka da hannunka. Za mu zo kan wannan a ƙasa. Babu 'yan sanda a ko ɗaya daga cikinsu, sai a Most Wanted na 2005 suka dawo.

Daga Zariya: Malamai, na maƙale a Underground 2. Na cinye duk tseren da nake gani a taswira amma an ƙi buɗe mini mataki na gaba. Faifan ne ya lalace?

Da wuya faifan ne. Bayan matakin farko, kowane mataki yana rataye ne a kan yarjejeniyar da ka sa wa hannu da kamfanin da ke ɗaukar nauyinka, kuma sharuɗɗanta huɗu ne: adadin tseren gari da za ka ci, tseren kamfanin na musamman, gasannin URL (Underground Racing League, babbar gasar cikin wasan), da fitowa a bangon faifan DVD. Na ƙarshen nan shi ke tsayar da yawancin mutane, domin ba a samunsa da gudu. Ana samunsa ne da taurarin kwalliyar mota. A na farko taurari 5 ne, aikinsu ninka makin salo. A na biyu sun zama 10, kuma sai motarka ta kai adadin da ake nema kafin a kira ka ɗaukar hoto.

Kuskuren da aka fi yi shi ne raba kuɗin kwalliya kan motoci biyu ko uku. Taurarin na mota ɗaya ake dubawa, ba a tara na gareji. Ka ware mota guda ka zuba mata komai: bamba ta gaba da ta baya, siket na gefe, bonet, fiffiken baya, rim, madubai, fitilu, salansa, sannan kayan shagon ƙawa irin su fitilar ƙarƙashin mota, lasifikokin cikin but, ƙofofi masu buɗewa sama, da na'urar ɗaga mota. Kayan da aka buɗe a mataki na baya-bayan nan sun fi tsofaffi nauyi a ma'aunin, saboda haka ka riƙa komawa kana sauyawa. Idan motar ta yi maka muni bayan duk wannan, ba sai ka yi tsere da ita ba, ka ajiye ta don hoto kawai.

Na biyun abin da ke hana ci gaba shi ne shagunan da ba ka gano ba. Ba su bayyana a taswira sai ka shiga su karo na farko, kuma wasu kayan ba sa buɗewa sai ka gano shagon da ke ɗauke da su. Ka lura da launin hasken da ke bakin ƙofa: kore na kayan jikin mota ne, ja na fenti da sitika, rawaya na kayan ƙawa, shuɗi na kayan inji. Ka riƙa karanta saƙonnin da Rachel, matar da ke yi maka jagora a labarin wasan, ke turowa, sau da yawa a ciki take nuna unguwar da shagon yake.

Daga Maraɗi: A tseren Drag kullum ko inji ya ƙone ko in daki mota. Akwai bambanci tsakanin na farko da na biyu a nan?

Ƙa'idar wannan tseren na miƙaƙƙiyar hanya iri ɗaya ce a duka biyun. Giya da hannu ake sauyawa ko da ka saita wasan a otomatik, sitiyari kuma ba ya aiki yadda ka saba: taɓawa ɗaya hagu ko dama tana mayar da kai layi na gaba. Wanda ya danne maɓallin ya riƙe shi ne ke tsallake layi biyu ya faɗa kan mota. Injin yana ƙonewa ne idan ka bar allurar ta daɗe a ja ba ka sauya giya ba. Ka sa ido kan alamar da ke kan ma'aunin, ka sauya daidai lokacin da ta koma kore. Kada ka saki naitros, wato gas ɗin da ke ƙara wa mota gudu na ɗan lokaci, a giya ta ɗaya, tayoyi ne kawai za su yi ta juyawa a banza kuma allurar ta haura ja kafin ka ankara. Ka bari sai ka shiga giya ta uku ko ta huɗu. Idan aka riga ka, ka bi bayan na gabanka daf da daf, iskar da yake tsagawa za ta ja ka, sai ka fita ka wuce. A na biyu wasu hanyoyin sun fi tsawo kuma sun fi yawan cikas, don haka karon farko ka ɗauke shi na haddace inda motoci ke ratsowa.

Daga Jos: Mene ne amfanin wurin da ake kira Dyno a Underground 2? Na shiga na ga layuka da lambobi na fita.

Ka koma, domin nan ne zuciyar wasan. A na farko kana sayen kaya ne mataki na 1, na 2, na 3, a ɗaura maka, shi ke nan. A na biyu kayan inji kashi tara ne: inji, kwamfutar inji, giyabos, shokozoba da sifirin, naitros, taya, birki, rage nauyi, da turbo. Kowanne yana da matakai uku, Street da Pro da Extreme. Bayan ka ɗaura, Dyno ke ba ka damar murɗa su, kuma sai kayan da ka riga ka saya ne za su nuna abin saitawa. Mafi muhimmanci, wasan yana adana saiti daban ga kowane irin tsere, don haka abin da ka yi wa Drift (tseren zamewa a kwana) ba zai taɓa na Circuit (tseren zagaye) ba.

Ka fara da giya. A Street X, wanda sabon tsere ne na motoci huɗu a ƙaramin fili mai kwana matsattsu kuma ba a amfani da naitros, ka gajarta giya domin motar ta riƙa zabura daga kwana, tunda ba za ka taɓa kai ƙarshen gudunta ba. A URL, inda motoci har shida ke fafatawa a filin tsere da titin jirgin sama ba tare da motocin gari ba, ka tsawaita ta. Alamar giya ta yi gajarta ita ce motar ta ƙure a giyar ƙarshe alhali miƙaƙƙiyar hanya ba ta ƙare ba. Alamar ta yi tsawo kuma ita ce ka gama tsere ba ka shiga giyar ƙarshe ba.

Sai kwana. Idan ka murɗa sitiyari gaban motar ya ƙi bi, yana neman bango, ka sassauta ƙarfen daidaita gaba, ko ka ƙara wa na baya tauri. Idan kuma bayan ne ke zamewa yana neman juya ka, ka yi akasin haka, ka ƙara nauyin iska a fiffiken baya. Birki idan ya karkata baya da yawa, motar za ta juya da zarar ka taka shi cikin kwana. A Drift kuwa wannan zamewar ita ake nema: ka rage riƙon tayar baya, ka taurara bayan, ka gajarta giya. Naitros ma yana da zaɓi tsakanin ƙarfi da daɗewa, ƙarfi ya fi dacewa da Drag, daɗewa da doguwar hanya.

Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ka fita gwaji, ka dawo. Wanda ya murɗa abu biyar tare, in motar ta lalace ba zai san wanne ne ya jawo ba.

Naitros ɗin kansa ya canza tsakanin wasannin biyu. A na farko abin da aka ba ka a farkon tsere shi ne rabonka har ƙarshe. A na biyu yana sake cika idan ka gifta mota daf da ita ba ka taɓa ba, ko ka zame a kwana, ko ka bi bayan abokin tsere, ko ka yi tsalle. Rowarsa a na biyu asara ce.

Daga Kumasi: Ina da ɗan gidan gem da PS2 guda uku. Wanne zan fi sa wa yara, kuma wace mota zan ce su ɗauka?

Alhaji, inda ake biyan kuɗi bisa lokaci, na farko ya fi dacewa da mai buga labarin wasan, domin cikin minti goma zai yi tsere biyu ko uku, alhali a na biyu rabin lokacin zai tafi a neman hanya. Idan hannu biyu za a yi, duka biyun suna raba allo gida biyu a PS2, kuma a nan na biyu ya fi yawan hanyoyi da motoci. Sai dai yawancinsu a kulle suke har sai an buga labarin, don haka ka ware memori kad ɗaya da aka yi nisa da shi, ka kwafe shi a wani kad ɗin, domin yaro ɗaya ya isa ya goge aikin wata guda.

Ka gargaɗe su kan abu guda a na farko. Abokan tseren kwamfuta suna manne wa ɗan wasa: komai tazarar da ka ba su, suna kamo ka, kuma hakan ya fi tsanani a dogayen tseren ƙarshe masu zagaye da yawa. Gudu ba ya maganinsa, tuƙi mai tsabta a zagayen ƙarshe ne ke yi, kuma a nan ya kamata a ajiye naitros. Wasan yana bari a zaɓi sauƙi ko tsanani kafin kowane tsere, bambancin kuɗin da ake ci ne kawai.

Kan mota, a na farko Mazda MX-5 ta fi sauran motocin farawa iya kwana, kuma kayan da aka ɗaura suna bin mutum idan ya sauya mota. A na biyu ba sa bi. Motocin kyauta ne, amma wanda ya musanya tasa zai fara sayen kaya daga tushe. Corolla da Nissan 240SX suna iya kai mutum har ƙarshen wasan idan an cika musu kaya. Fijo 206 da yara kan ɗauka don sun san ta a titi tana da sauƙin riƙewa, amma mai jan gaba ce, tana wahalarwa a Drift. Jif ɗin nan uku nauyinsu ya yi yawa, kada a kashe musu kuɗi.

Daga Gombe: Na sa Underground a PPSSPP a wayata amma babu garin da ake yawo. Sannan a laftof ɗina mai Windows 10 faifan na biyu ya ƙi tashi.

PPSSPP manhaja ce mai kwaikwayon na'urar gem ta hannu ta PSP, don haka abin da ke wayarka Underground Rivals ne na 2005, wasa dabam da aka yi wa PSP, kuma ba shi da buɗaɗɗen gari. Underground 2 na ainihi bai fito a PSP ba. A waya sai ta manhajar da ke kwaikwayon PS2 ko GameCube, wadda ke buƙatar waya mai ƙarfi sosai, in ba haka ba sauti zai riƙa yankewa motar tana tafiya kamar cikin taɓo.

Matsalar laftof ba ta rashin ƙarfi ba ce, wasan da ya nemi RAM na 256 MB da gurbin 2 GB kowace laftof ta yau za ta ɗauke shi. Faifan asali yana ɗauke da makullin hana kwafi mai suna SafeDisc, wanda Microsoft ta daina goyon bayansa tun daga Windows 10, shi ya sa kake danna shi ba ya motsi. EA kuma ba ta sayar da ko ɗaya daga cikin biyun a Steam ko a manhajarta, sabar buga su ta intanet ma an rufe, ko da yake na biyu yana da tsarin haɗa kwamfutoci ta kebul a ɗaki ɗaya. Hanya mafi sauƙi ga mai faifan asali ita ce tsohuwar kwamfuta mai Windows XP ko 7, ko kuma faifan PS2 ta manhajar PCSX2 mai kwaikwayon PS2 a kwamfuta.

Idan ka samu ya tashi, ka ɗora gyaran kamfanin na ƙarshe, 1.2 ga na biyu, 1.4 ga na farko. Hoton zai fito a miƙe saboda an yi wasan ne don allo mai murabba'i. Gyaran Widescreen Fix na ThirteenAG ke magance wannan: ka kwafi fayil ɗin dinput8.dll da jakar scripts zuwa inda speed2.exe yake. Idan yana rufe kansa a tsakiyar tsere, ka buɗe Task Manager ka taƙaita shi kan ƙwaƙwalwar sarrafawa guda ɗaya, domin an rubuta shi kafin zamanin masu ƙwaƙwalwa da yawa. Ka guji shafukan da ke cewa sun matse wasan zuwa 'yan megabait kaɗan, yawanci an yanke bidiyo da sauti, wasu kuma ƙwayar cutar kwamfuta ce a ciki.