Hukuncin shiga cikin masu kutse a intanet domin binciken digiri na uku

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a nan Kumasi, ina digiri na uku, kuma bincikena a kan yadda matashi ke tashi daga wasa da waya ya zama mai kutse cikin kwamfutocin mutane. Ina so in zauna da samarin unguwannin Aboabo da Asawase in ji labarinsu. An ba ni shawara in shiga zaurukansu na Telegram da sunan ƙarya, an kuma kawo mini tarin saƙonninsu da wani ya sato. Shin wannan ya halatta? In na ji laifi a bakinsu, wajibi ne in kai su ga hukuma?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka.

Asalin binciken halal ne, kuma idan niyyarka tsare samari daga wannan hanya ce, muna fata a ba ka lada. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Huzaifa ɗan Yaman, Allah ya yarda da shi, ya kasance yana tambayar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da sharri, alhali mutane suna tambayarsa game da alheri, domin tsoron kada sharrin ya riske shi. Haka nan koyon dabarun kutsen da kansu bai haramta ba, matuƙar a kan na'urarka za ka gwada ko a kan wadda mai ita ya ba ka izini. Imam Ƙarafi, daga manyan malamanmu na Malikiyya, ya bayyana cewa ba a hana noman inabi don tsoron a yi giya da shi. Amma halaccin manufa ba ya halatta kowace hanya, saboda haka sai mu duba hanyoyin da ka ambata.

Shiga zaure da sunan ƙarya, kana nuna kai ɗaya ne daga cikinsu, ban halatta maka shi ba. Allah Maɗaukaki ya hana leƙen asirin mutane a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, kuma Buhari ya ruwaito cewa wanda ya saurari zancen mutane alhali suna ƙin ya ji, za a zuba masa narkakkiyar darma a kunnensa ranar alƙiyama. Wani zai ce ai waɗannan masu laifi ne, ba su da alfarma. Amsa ita ce bin diddigin mai laifi a ɓoye aikin hukuma ne da aka ɗora wa nauyinsa, ɗalibi kuwa ba alƙali ba ne, ba ɗan sanda ba. Bayan haka, wanda ya shiga irin wannan wuri da rigar aro zai iya kaiwa ga ranar da za a ce ya nuna ƙwarewarsa ko ya sayi kalmomin sirrin da aka sato kafin a amince da shi, kuma daga nan ya shiga cikin taimakekeniya a kan zunubi da aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana. Zauren da yake a buɗe kuwa, wanda kowa zai iya karantawa ba tare da an nemi izini ba, babu laifi ka karanta shi, da sharaɗin ka ɓoye sunayen masu magana a rubutunka.

Saƙonnin da aka sato kayan sata ne, ko da an sace su ne daga hannun ɓarayi, kuma galibi akwai lambobin waya da asusun mutanen da aka cuta a cikinsu. Kada ka karɓe su. Dokar kare bayanan mutane ta Ghana ta 2012 da dokar tsaron intanet ta 2020 suna nan, kuma Musulmin da ke zaune a ƙasa da alƙawarin zaman lafiya bai kamata ya karya dokar da ta dace da shari'a ba.

Hanyar da na fi so maka ita ce hira ido da ido, ka faɗi sunanka da jami'arka da abin da za ka yi da maganar, bayan kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku ya amince. Ka fara da waɗanda suka tuba da waɗanda suka koma aikin tsaron kwamfuta na halal, domin su ne suka fi iya gaya maka wa ya fara koya musu, a wane shagon intanet, da kuma me ya sa suka bari. Ka lura kuma cewa a Zango muna haɗa kowa mu kira shi ɗan sakawa, wato mai damfarar intanet, alhali mai yaudarar mace ko tsoho ya tura masa kuɗi ta waya daban ne da mai fasa na'ura, kuma bincikenka zai yi rauni idan ka cakuɗa su. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da yardar waliyyinsa. Ba su kuɗin mota ko na abinci ya halatta, domin ladan lokacinsu ne, amma kada ka biya kowa don ya yi kutse a gabanka ka gani.

Saura batun sirri, kuma shi ne mafi nauyi. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, maganar ta zama amana. Saboda haka laifin da ya wuce, wanda saurayi ya gaya maka bisa amana, kada ka tona shi, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa. Sai dai rufin asiri ba ya kayar da haƙƙin wanda aka zalunta, don haka bayan ka kashe na'urar ɗaukar murya ka gaya masa a keɓe cewa tubarsa ba ta cika sai ya mayar da dukiyar ga masu ita, in kuma ya rasa su ya yi sadaka da ita a madadinsu. Amma idan ya gaya maka cewa gobe za su kwashe asusun wane, ko suna riƙe da hotunan wata yarinya suna yi mata barazana, to nan amana ta faɗi, wajibi ne ka hana shi da baki, in ya ƙi ka gargaɗi wanda za a cuta ko ka sanar da Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa, wadda ake samu ta waya a lamba 292. Wannan shi ne taimakon azzalumi da hadisin Buhari ya fassara da hana shi zalunci.

Domin kada ka zama maci amana a ranar da hakan ta faru, ka rubuta wannan iyaka a takardar yarda, ka karanta musu ita da Hausa ko da harshen Tuwi kafin hira ta fara, ka kuma roƙe su kada su ambaci sunan kowa. Wasu za su tashi su tafi idan sun ji sharaɗin, ka bar su, ka yi aiki da waɗanda suka zauna.

Allah ne mafi sani.