Amsar Kawu kan zancen dashen gashi

Wa'alaikumussalam ɗana, ya Marwa ya zafi, ya jikin mamanka. Saƙon muryarka sai da na saurara sau biyu bayan isha'i, na farko dariya ce ta hanani ji, kar kaji haushi. Wai gaban kanka ya fara tafiya, abokai a kasuwa suna ce maka filin jirgi, ka samu wani a Facebook yace yuro 2000 harda otal a Istanbul, wasu kuma sunce Tunis ko Alƙahira ko Indiya, shine kake tambaya ko a al'adarmu abin kunya ne namiji yaje a dasa masa gashi, in kuma ba laifi ina zaka nufa. Toh gyara zama.

Mu da muka taso a Garwa gashin namiji ba kayan ado bane. Wanzami zaizo ƙofar gida da zabirarsa, ya jiƙa kai, ya wasa aska, ya kwashe tas ƙwal kwabo, a ɗora hula shikenan, mai sanƙo da mai suma duk ɗaya suke a ido. Kakanka Allah ya jiƙansa, sai wajen alwala nake ganin tsakar kansa. Wanda ya tara suma ma shi ake yiwa wani kallo. Sanƙo kuwa cewa ake alamar arziki ne, ni dai nawa ya kusa ƙeya har yau ina jiran arzikin. Kaga al'ada bata da wata magana akan dashe, saboda abin bai taɓa damun kowa ba sai da kuka ajiye hula.

Ta fuskar addini inda mutane ke rikicewa shine ƙarin gashi, wanda hadisi yazo da tsinuwa akan mai ƙarawa da wadda ake ƙara mata. Wannan gashin wani ne ake jonawa. Dashe kuwa naka ne ake ɗaukowa daga baya a maida gaba. Shaihu Ibn Usaimin ya halatta shi, yace maido da abinda Allah ya halitta ne, ya kafa hujja da hadisin mutum ukun nan na Bani Isra'ila da ɗayansu mai sanƙo ne ya roƙi gashi mai kyau aka bashi. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi ma a zamanta na Maleshiya a 2007 ta sa shi cikin abinda ya halatta. Wannan ka kwantar da hankalinka.

Inda al'ada take da magana shine wa zaka miƙawa kanka. Kowane gida da wanzaminsa, wanda ya maka askin suna shi ya maka kaciya, mun san ubansa mun san gidansa, in wuri ya kumbura da dare a buga masa ƙofa. Ba'a taɓa miƙa kan yaro ga baƙon da ya sauka a tasha jiya don kawai yafi araha ba. Kai kuma kana tambayata sunan ƙasa, ni sunan mai aikin nake so inji.

Kasan yadda ake muskuwari, dawar ranin nan, a karal ɗinku, gonar laka, a yafa iri a wuri ɗaya, in ya tasa a tuge a kai gona a dasa. Toh haka abin yake, ƙeya da gefen kunne sune wurin irin, don gashin wajen baya jin sinadarin jikin namiji da ke kashe na gaba. Wani likita a Niyok, Norman Orentreich, shi ya bayyana haka a 1959. Ana kashe wurin da allura, a dinga ciro saiwa ɗaya ɗaya, ita ce hanyar da suke kira FUE, ko a yanko zirin fata a ɗinke, sannan a huda gaba a dasa, a wuni ana yi awa shida zuwa takwas. Amma iri na gona in ya ƙare ka sake yafawa, na ƙeya wanda aka cire ya tafi kenan har abada. Akwai wani ɗan kasuwa anan layinmu da yaje shekarun baya, aka kwashe masa fiye da ƙima, gaban yayi dama dama amma bayan kamar gara taci tabarma, yanzu hular da ya gudu ita ce baya cirewa ko a ɗaki.

Ga kuma abinda masu tallan basa faɗa, gashinmu ba irin na Larabawa da Turawa bane, a ƙarƙashin fata ma a lanƙwashe yake, wanda bai saba dashi ba zai dinga datse saiwar wajen cirowa ya dasa maka matacce. Fatarmu kuma wani in ya ji ciwo tabon tasowa yake yayi tudu, keloyid suke ce masa, in kana da irin tabon nan ko ƙurajen aski a ƙeya wlh kar ka sayi tikiti sai likitan fata ya duba ka anan gida, mai yiwuwa ya gwada ƴan kaɗan tukuna ko yace ka haƙura.

Turkiyya dai tayi suna, aikin yayi yawa a Istanbul shi yasa yake araha, akwai gwanaye na gaske, akwai kuma wuraren da likita zai zana layi a goshi ya wuce, yaran shago su ƙarasa, mutum goma a rana. Turkish Airlines na tashi daga Yawunde da Duwala, ofishin jakadancinsu na Yawunde. Tunis amfaninta zakayi faransanci da likitan baki da baki ba tafinta, Alƙahira larabcinka na islamiyya zai ɗan taimaka kuma in ka bi ta Kuseri filin jirgin Njamena na kusa daku, Indiya tayi nisa ga wanda ƙila zai koma a sake dubashi. Ko ina ne ka tambayi sunan likitan da zai riƙe ƙarfen da hannunsa, ya nuna maka hotunan baƙar fata irinmu bayan shekara ɗaya gaba da ƙeya, kuyi magana ta bidiyo, ka tambaya in wuri yayi ruwa bayan ka dawo wa zaka kira. In sun fara cewa ka turo kuɗi yau akwai rangwame, kashe wayarka.

Yuro 2000 ɗin nan a sefa 656 ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, ban sa jirgi ba ban sa biza ba ban sa mota zuwa Ngaundare da jirgin ƙasa zuwa Yawunde ba. In kuɗin lefe ne ko bashi ko adashen mamanka, ban yarda ba.

Sai lokaci, kace biki saura wata uku. Gashin da aka dasa zubewa yake cikin makonnin farko, sai wata na uku ko na huɗu yake fara tsirowa, cikarsa sai shekara. Wato ranar ɗaurin aure kanka zaifi na yau muni. Kwanakin farko ba hula mai matsewa, ba rana, ba sunkuyawa sosai, sujada da shafar kai sai ka tambayi malam da likita, kai kuma kullum kana kan moto cikin zafin Afrilu da ƙura. Shekarunka 27 ma, zubar bata tsaya ba, ka dubi kan babanka kaga inda ta dosa, in an dasa gaba na bayansa yaci gaba da tafiya sai a bar maka tsibiri. Shi yasa suke haɗawa da magani, minoxidil na shafawa da finasteride na sha, na biyun wasu mazan yana rage musu ƙarfi, ango kuwa ya kamata yaji wannan daga bakin likita kafin ya haɗiya.

Nasan kunya ce tasa ka biyo ta kaina, amma ba'a tsallake ƙasa a kwanta gaban aska uba bai sani ba. Ka bari ayi biki tukuna, in har lokacin abin na ranka ni zan sameshi da maganar. Yarinyar ma ai da kanka haka ta ganka tace ta yarda. Gobe da rana kasa ƙaninka ya ɗauki hoton ƙeyarka ka turo min in gani, ka gaida mamanka kace mata albasar ta iso.