Baƙi na komawa kore-kore a allon waya

Ɗan'uwa, ka ce in bidiyo ya shiga wurin duhu sai baƙin ya koma kore-kore ko dabbare-dabbare. Fara buɗe shi a wata waya. In haka ya fito, bidiyon aka matse da yawa, allonka lafiya lau.

In a taka ce kaɗai, kashe yanayin kare ido, rage haske, ka buɗe hoto ruwan toka zalla cikin ɗaki mai duhu ka ga ko koren zai fito. A irin allon da ake kira OLED kowane ɗigon hoto da nasa hasken, shi ya sa in haske ya yi ƙasa sosai ba sa daidaituwa. A saitin allo, sauko da saurin sabunta hoto (sau nawa allon ke sabunta hoto a daƙiƙa) daga 120Hz zuwa 60Hz. In launin ya canza, sabunta manhaja kan iya gyarawa. Amma tabon da ya kafe wuri guda, wannan allon ne, ka nemi canji tun garanti bai ƙare ba.