Asalin tseren motoci a kan turɓaya a Amurka

Malam, ka tambaya ko da gaske masu fasa-ƙwaurin giya ne suka fara tseren motocin gida a Amurka. Akwai ƙamshin gaskiya sosai. A kudancin ƙasar, masu dakon barasar ɓoye kan ƙara wa motocinsu ƙarfi don su tsere wa jami'an haraji, ƙarshen mako kuma su haɗu a fili a gwada ƙwanji. Filin turɓaya ce zalla. Mota ta sha kwana tana zamewa a kaikaice, ƙura ta turnuƙe, direba ya fito jawur da jar ƙasa.

Bill France ya kafa NASCAR, ƙungiyar shirya tseren motoci, a 1948. Ranar 19 ga Yuni 1949 ƙungiyar ta shirya tseren motocin da ba a yi musu wani sauyi ba a birnin Charlotte, zagaye 200. Glenn Dunaway ya riga kowa, sai aka gano an yi wa sifirin bayan Ford ɗinsa dabara irin ta masu dakon giya, aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper. Ni kam ban ga laifin alƙalan ba, doka ce. Daga baya kwalta ta mamaye filayen.